Mudun da Ake Auna Basira da Shi

Bayan sallar isha'i, a wani dare na damina, wani maƙwabcina da ke sana'ar albasa a kasuwar Mile 12 ya yi mini sallama a ƙofar gidana a nan Agege, riƙe da wata takarda da ya naɗe gida huɗu har ta soma yagewa. Ɗan ƙanensa ne, yaro mai shekara 11, aka kawo masa daga wani ƙauye na jihar Sakkwato bayan rasuwar mahaifinsa, shi kuma ya ƙudura sa shi a makarantar boko. Makarantar kuɗin da ya kai shi ta ce sai an gwada yaron kafin a san ajin da ya dace da shi, aka zaunar da shi gaban kwamfuta na kamar rabin awa, sannan aka buga takarda aka miƙa wa baffan nasa. A jikinta akwai haruffa biyu, IQ, wato makin gwajin basira, da lamba 73 a gabansu, kuma wadda ta yi gwajin ta shaida masa cewa yaron ba zai iya karatu tare da sauran yara ba.

"Malam, kai ka san boko," in ji shi. "Ka duba mini, don Allah. Da gaske ne yaron nan daƙiƙi ne? Domin ni dai a lissafin buhu ban taɓa kama shi da kuskure ba."

Na shekara 14 ina koyarwa a firamare, kuma na yi darasin ilimin halayyar ɗan Adam a kwalejin horon malamai, amma a daren nan na rasa amsar da ni kaina zan gamsu da ita. Sai na ce masa, "Alhaji, ka bar mini takardar, shi kuma yaron ya riƙa zuwa wurina bayan la'asar." Daga nan na koma ga littattafan da na daɗe da jinginewa.

Abin da ya fara ba ni mamaki shi ne dalilin da ya sa aka ƙirƙiro gwajin tun asali. A shekarar 1882 Faransa ta wajabta wa kowane yaro zuwa makaranta, sai azuzuwa suka cika da yaran da a da ba sa zuwa, malamai kuma suka shiga kukan cewa wasunsu ba sa gane komai. A 1904 gwamnati ta kafa kwamitin duba lamarin waɗannan yara, kuma a 1905 Alfred Binet da abokin aikinsa, likita Théodore Simon, suka fitar da jerin ayyuka 30 da suka tashi daga mai sauƙi zuwa mai wuya: bin ashana mai ci da ido, nuna hanci da baki, maimaita lambobi, faɗin bambancin ƙuda da malam-buɗe-littafi. Nufin Binet shi ne a gano yaron da ke buƙatar ƙarin taimako a ba shi, kada a bar hukunci a hannun malamin da wataƙila ƙiriniyar yaron ce kawai ta ishe shi. Ya kuma yi kakkausar suka ga masu cewa basira ba ta ƙaruwa, har ya tsara atisayen ƙarfafa natsuwa da riƙe abu a ka domin yaran da aka samu suna baya. Wato gwajin da aka yi domin a jawo yaro cikin aji, shi ne aka ɗauka a Legas, bayan fiye da shekara ɗari, aka tare wa wani maraya ƙofar aji da shi.

Lambar kuwa daga baya ta zo. A 1908 Binet ya jera tambayoyinsa bisa shekaru, ta yadda idan yaro ya amsa abin da yawancin 'yan shekara 8 ke amsawa, ya kuma kasa na gaba, sai a ce shekarun basirarsa 8 ne. Wani Bajamushe, William Stern, ya ba da shawara a 1912 cewa a raba shekarun basira da shekarun haihuwa, sannan Lewis Terman na jami'ar Stanford a Amurka, wanda ya sake fasalin gwajin a 1916, ya yaɗa ninka sakamakon sau 100. A wannan tsohon lissafi, ɗan shekara 11 da ya amsa kamar ɗan shekara 8 zai sami kusan 73. Sai dai lissafin ba ya aiki ga manya, tunda ɗan shekara 60 bai ninka ɗan shekara 30 a kaifin tunani ba. Shi ya sa David Wechsler, wanda ya fitar da nasa gwajin a asibitin Bellevue da ke New York a 1939, ya sauya hanya: a gwada mutane masu yawa 'yan shekaru ɗaya, a kira matsakaicin abin da suka ci 100, sannan a auna kowa da tazarar da ke tsakaninsa da wannan tsakiyar. A wannan tsari, wanda shi ake bi har yau, kusan mutum biyu cikin uku suna faɗawa tsakanin 85 da 115, kuma kusan biyu ne kawai cikin ɗari ke ƙasa da 70.

A nan ne na tsaya na yi dogon tunani, domin ashe lambar ba nauyin wani abu ba ce da aka ɗora a kan sikeli. Matsayin yaro ce a cikin wasu yaran da aka riga aka gwada, don haka tambayar farko ita ce su waye waɗannan yaran. Duk wanda ya taɓa awon hatsi a Dawanau, ya zo ya sayi shinkafa a Legas inda ake awo da gwangwanin derika da robar fenti, ya san cewa faɗin "mudu uku" bai isa ba sai an san mudun wace kasuwa. Bugu na biyar na gwajin Wechsler na yara, wanda ya fito a 2014, an daidaita shi ne da yara 2,200 na Amurka masu shekara 6 zuwa 16, waɗanda suka tashi da Turanci a baki da fensir a hannu. Wannan fa shi ne gwaji na ƙwarai. Wanda aka yi wa yaron maƙwabcina kuwa, takardarsa ba ta ma faɗi da wa aka kwatanta shi ba.

Ranar da ya fara zuwa, na tambaye shi abin da ya faru a gaban kwamfutar. Ya sunkuyar da kai ya ce, "Malam, matar ta yi magana da Turanci, ni kuma ban ji ba, sai na ga ta nuna mini wani abu in riƙa dannawa." Bai taɓa riƙe linzamin kwamfuta ba kafin ranar. Na zana masa irin tambayar da ake yi, da'ira ɗaya, da'ira biyu, da'ira uku, sannan gurbi, na ce me zai zo a gurbin. Ya daɗe yana kallo, sai na lura yatsansa daga dama yake tasowa zuwa hagu, yadda ya saba bin allonsa a tsangaya inda ya haddace izu 20. A wurinsa gurbin ne farko, kuma da'irorin raguwa suke yi. Da na sake zana su daga dama, kafin in ɗaga alli ya ce huɗu. Daga nan na ce masa buhun albasa 17, kowanne naira dubu 38, nawa ke nan. Ya ɗan motsa leɓe ya ce dubu 646. Na ce yaya ka yi, sai ya ce, "Na mai da su arba'in-arba'in, goma ɗari huɗu, bakwai ɗari biyu da tamanin, sai na cire bibbiyu sau goma sha bakwai." Da na rubuta masa 17 × 38 a takarda, sai ya tambaye ni mene ne wannan alamar da ke tsakiya.

Masu bincike sun daɗe da ganin irin wannan. A 1985 aka wallafa wani nazari da aka yi a birnin Recife na Birazil a kan yara masu talla: a bakin sana'arsu sun ci kusan kashi 98 cikin ɗari na lissafin da aka yi musu a matsayin ciniki, amma da aka ba su lissafin nan dai a rubuce irin na makaranta, kusan kashi 37 kawai suka ci. A Laberiya, cikin shekarun 1960, John Gay da Michael Cole sun ga manoman ƙabilar Kpelle sun fi Amurkawa masu ilimi iya ƙiyasta yawan gwangwanin shinkafar da ke cikin kwano. Abokin aikinsu Joseph Glick ya ba da labarin da ya fi tsaya mini a rai. An ba manoman kayayyaki, abinci da tufafi da kayan aiki, aka ce su kasa su yadda ya dace, sai suka riƙa haɗa wuƙa da lemo domin da ita ake yanka shi, alhali abin da gwajin ke nema shi ne abinci gefe guda, kayan aiki gefe guda. Suka ce haka mai hankali zai yi. Da aka tambaye su yadda wawa zai kasa, nan take suka jera kayan daidai yadda masu gwajin ke so. A Zambiya ma Robert Serpell ya sa yaran ƙasar da yaran Ingila su kwaikwayi siffofi: da fensir da takarda yaran Ingila suka fi, da waya kuwa, irin wadda yaranmu ke lanƙwasawa su ƙera mota, yaran Zambiya suka fi, da yumɓu kuma suka yi kunnen doki.

Amma ba zan yi wa mai karatu adalci ba idan na tsaya a nan, kamar dai gwajin basira duk shirme ne. A 1904 wani Bature ɗan Ingila, Charles Spearman, ya duba makin yara a darussa dabam-dabam, ya ga wanda ya yi kyau a harshe yakan yi kyau a lissafi, har ma da tantance sautin kiɗa. Ya ce lallai akwai wata basira ta gama-gari da ke ƙarƙashin duka, ya yi mata laƙabi da harafin g. An yi ta ja da shi, musamman Louis Thurstone wanda a 1938 ya ce iyawa bakwai ce masu zaman kansu, amma da aka auna bakwai ɗin sai aka ga su ma suna tafiya tare. A 1993 John Carroll ya sake nazarin tarin bayanai fiye da 460 na binciken da aka yi a baya, ya fito da tsari mai hawa uku: ƙananan iyawa masu yawa a ƙasa, manya kamar takwas a tsakiya, basirar gama-gari a sama. Ni ma abin da nake gani a aji ke nan, domin yarinyar da ta riga kowa gane kasafi, sau da yawa ita ce ke riga kowa gane nahawu. Idan aka yi gwajin da harshen yaro, aka kwatanta shi da tsararrakinsa na gaskiya, makin yana hasashen yadda zai yi a makaranta fiye da yawancin abubuwan da muke dogaro da su.

Raymond Cattell ya raba basirar nan gida biyu, kuma rabon nasa ya taimaka mini wajen fahimtar yaron. Akwai basirar nan-take, wadda mutum ke warware matsalar da bai taɓa gani ba da ita, akwai kuma basirar tari, wato kalmomi da sani da dabarun da ya tara a rayuwa. Ta farko takan kai ƙololuwa a ƙuruciya sannan ta riƙa ja da baya, ta biyu kuwa takan ci gaba da ƙaruwa har tsufa, abin da ya sa dattijon dillali zai riga saurayi gane buhun da aka yi wa algus ko da saurayin ya fi shi saurin lissafi. Domin auna ta farko ba tare da harshe ba, John Raven ya fitar da gwajin zane-zane a 1938, inda ake cike gurbi a jerin siffofi, aka kuma ɗauka cewa wannan kam al'ada ba ta shafe shi ba. Sai ga James Flynn a shekarun 1980 ya nuna cewa makin mutane a ƙasashe masu yawa ya riƙa hawa da kusan maki 3 duk shekara 10 a ƙarni na 20, kuma hawan ya fi yawa a irin wannan gwaji na zane. Jinin al'umma ba ya sauyawa cikin shekara 50. Abin da ya sauya shi ne makaranta, abinci, lafiya, da sabon ido da zane da alamomi. A 2018 Stuart Ritchie da Elliot Tucker-Drob sun haɗa binciken da ya shafi mutane fiye da 600,000, suka samu cewa kowace shekara ɗaya ta ƙarin karatu tana ƙara maki tsakanin 1 da 5. Yaron da bai taɓa zama a ajin boko ba, an auna shi da mudun waɗanda suka shekara biyar a ciki.

Akwai kuma tambayar da ta riga duk waɗannan, wato me muke nufi da kalmar kanta. Bahaushe bai tara abin a kalma ɗaya ba. Hazaƙa saurin ɗaukar karatu ce, basira hangen abin da ke ɓoye a cikin magana ko al'amari, wayo iya fitar da kai, wanda idan ya yi yawa ya zama abin zargi, fasaha kuma gwaninta ta baki ko ta hannu. Sama da su duka akwai hankali. Idan uwa ta ce ɗanta ya yi hankali, ba tana nufin ya iya lissafi ba, tana nufin an aike shi ya dawo da saƙo daidai, ya san inda zai yi magana da inda zai yi shiru, za a iya barin shago a hannunsa. Shi ya sa muke cewa hankali ke gani, ido gululu ne. Serpell ya sami irin wannan a wurin Chewa na Zambiya, inda kalmarsu nzelu ta haɗa kaifin kai da riƙon amana, haka kuma Luo na Kenya suna lissafa luoro, wato ladabi da kula da mutane, tare da rieko, wato sani da kaifin tunani. Gwajin IQ yana taɓa hazaƙa da wani yanki na basira. Hankali a ma'anarmu kuwa bai ma yi da'awar auna shi ba, kuma ba laifinsa ba ne idan mu muka ɗora masa wannan nauyi.

Wasu masanan Amurka sun yi ƙoƙarin faɗaɗa ma'anar. Howard Gardner na jami'ar Harvard ya ce a 1983 basira iri bakwai ce, har da ta kiɗa, ta sarrafa jiki, ta sanin mutane da ta sanin kai, daga baya ya ƙara ta sanin halittu. Malamai muna son wannan ra'ayi domin yana ba kowane yaro abin alfahari, kuma kusan duk taron bita sai an ambace shi, amma a ganina ya fi ƙarfi a matsayin tunatarwa, domin hujjar awo da ke bayansa ba ta kai ta Spearman ba. Na fi gamsuwa da Robert Sternberg, wanda a 1985 ya kasa ta uku, ta nazari, ta ƙirƙira da ta zaman duniya, domin shi ya je ya gwada. A binciken da shi da abokan aikinsa suka wallafa a 2001 a kan yaran Luo a yammacin Kenya, yaran da suka fi sanin magungunan gargajiya da ake sha idan ciwo ya kama, su ne sau da yawa makinsu ya fi ƙasa a gwajin irin na makaranta, saboda lokacin da wani ya ba littafi, wani gida da daji ya ba.

Tarihin amfani da lambar nan wajen rufe wa mutane ƙofa ma tsoho ne. A lokacin yaƙin duniya na farko an gwada sojojin Amurka kusan miliyan ɗaya da dubu 750, kuma a 1923 Carl Brigham ya yi amfani da sakamakon ya ce baƙin da suka fito daga kudanci da gabashin Turai ba su kai 'yan arewacinta basira ba, duk da cewa makin yana ƙaruwa gwargwadon daɗewar mutum a Amurka. A 1930 ya fito ya janye maganarsa da kansa. Nakan tuna wannan duk lokacin da na ga ana yawo da taswirar makin ƙasashe a Facebook, an shafa wa Afirka launin ƙasa, matasanmu kuma suna turawa junansu cikin karayar zuciya.

Duk da haka akwai abubuwan da ke cin ƙwaƙwalwar yaro da gaske, kuma su ya kamata mu ji tsoro. Rashin sinadarin aidin a jikin mai ciki, tamowa a shekarun farko, zazzaɓin cizon sauro da ya hau kai, da gubar dalma, duk suna barin tabo. Ba mu manta da Zamfara a 2010 ba, inda dalmar da ke cikin duwatsun zinare da ake niƙawa a cikin gidaje ta kashe yara aƙalla 400 a yankunan Anka da Bukkuyum, ta kuma bar wasu da lahani. Yaron da irin wannan ya shafa yana buƙatar a gane shi da wuri, kuma a nan gwaji na ƙwarai rahama ne. Irin wannan gwaji ƙwararren masanin halayya ne ke yin sa, shi da yaron su biyu, na awa ɗaya ko fiye, da harshen da yaron ke ji, bayan an tabbatar idonsa da kunnensa lafiya. Makin da ya fito ma akan ba shi sarari na kusan maki 5 sama ko ƙasa, kuma likitoci ba sa yanke cewa yaro yana da tawayar basira da lamba kaɗai sai sun duba yadda yake tafiyar da rayuwarsa ta yau da kullum. A nan Legas asibitin ƙwaƙwalwa na gwamnatin tarayya da ke Yaba yana da sashen yara da matasa a Oshodi, sai dai mutanenmu da yawa da sun ji sunan Yaba sai su ja baya, suna ganin kai yaro can tamkar shelar hauka ne, alhali jinkirin shi ke cutar da yaron.

Shi yaron maƙwabcina ban ga alamar yana buƙatar zuwa can ba, ko da yake na sa an duba masa ido saboda yadda yake ƙanƙance shi idan yana kallon allo, aka kuma ba shi tabarau. Ta ajami na bi na koya masa haruffan boko, ina rubuta baƙin da ya sani a dama, takwaransa a hagu, kuma cikin wata huɗu ya fara karanta Hausa da kansa. Turanci har yanzu yana ba shi wuya sosai, rubutunsa kuma a hankali yake tafiya. Wata makarantar ta karɓe shi a aji uku, inda ya girmi kowa da shekara biyu ko uku, abin da ke sa shi jin kunya har wani lokaci ya ce ba zai je ba, sai baffan nasa ya lallashe shi. Ranar Asabar yakan bi Alhaji zuwa Mile 12 tun da asuba, kuma yanzu shi ke rubuta lissafin buhunan a littafi, da lambobin boko, yana farawa daga hagu.